Mai Tsara Sibi da Ranar Tantancewa

Duk inda ka ga jami'a, ko sakatariyar gwamnati, ko babbar kotu, leƙa layin shagunan da ke kusa, ba za ka rasa su ba. A Kano suna nan jere a bakin tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da sabon, da kewayen sakatariyar Audu Baƙo. A Zariya suna Samaru da Kongo. Ɗan ƙaramin shago ne: teburi biyu, kwamfuta biyu ko uku, firinta, injin fotokofi da ya cinye rabin ɗakin, sai bencin masu jira. A jikin ƙofa an rubuta ayyukan da ake yi, bugun takarda, fotokofi, laminatin, hoton fasfo, rajistar intanet. A cikinsu akwai aiki guda da ba ya cin takarda sosai, amma ya fi sauran cin basira, shi ne tsara sibi, takardar nan ta tarihin karatu da aikin mutum da yake miƙawa idan yana neman aiki.

Sana'ar tana da kakanni. Dattawa suna tuna marubuta wasiƙa da ke zama gindin bishiya a gaban gidan waya da ƙofar kotu, da fari da alƙalami, daga baya da tafireta. Mutum ya zo da magana a baki, su mayar masa da ita takarda cikin harshen da ofis yake ji. Aikin mai tsara sibi ke nan har yau, illa dai na'ura ta canja, kuma wanda ke zaune gabansa yanzu sau tari ya fi shi yawan takardun makaranta.

Ɗanyen kayan wannan sana'a ba a kasuwa ake sayo shi ba. Mai nema ne yake zuwa da shi cikin ambulan ko jakar leda: satifiket na firamare, sakamakon WAEC ko NECO, difloma ko digiri, takardar kammala bautar ƙasa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, da shaidar ƙaramar hukuma. Gwani ba ya taɓa kwamfuta sai ya baje su a tebur ya jera su bisa shekara. Suna yake fara dubawa. A wata takardar an rubuta Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma an gajarce shi, ko sunan kaka ya shigo a digiri alhali babu shi a sakandare. A gare mu da muka saba, duk mutum ɗaya ne. Ga kwamfutar banki ko ta hukumar ɗaukar aiki, mutum uku ne. Daga nan sai ranar haihuwa, ya gwada ta takarda da wadda ke kan lambar NIN. In sun saɓa, mai shagon kirki zai ce, "Ƙanena, je ka gyara wannan tukun, sannan mu yi maganar sibi," ko da kuwa hakan na nufin kuɗin yau sun wuce shi.

Sai tambaya, kuma a nan ake gane gwani. Yawancin matasanmu ba su san abin da suka iya ba, ko sun sani kunya ta hana su faɗa.

"Bayan bautar ƙasa me ka yi?"

"Ba komai, Malam, zaman gida kawai."

Mai gaggawa zai bar shekarun nan fayau, ko ya cike su da ƙarya. Gwani kuwa sai ya gyara zama ya ci gaba da tono. Ashe yaron da ya ce ba komai shi ke riƙe da littafin lissafin shagon kawunsa a Kantin Kwari, shi ke karɓar kaya ya ƙirga, shi ke bin bashi. Ashe yana koyarwa a Islamiyyar unguwa da yamma, ya yi aikin wucin gadi da hukumar zaɓe a 2023, ya bi gida gida a zagayen rigakafin shan inna. Matar da ta ce ita aure kawai ta yi, ashe ita ce uwar adashen mata da yawa, ba a taɓa jin sisin kowa ya ɓace a hannunta ba, ga sana'ar cincin da take aikawa shaguna. Duk wannan aiki ne, yana da suna a harshen ofis, yana da shekara, kuma akwai mutum mai rai da za a kira ya ce haka ne. Ni a ganina wannan tonon shi ne zuciyar sana'ar. Mai tsara sibi kamar tela yake: yadin da ka kawo shi zai yanka ya fito maka da riga, gwanintarsa ita ce kada ko ƙyalle ya tafi a banza.

Tsarin kansa ba shi da wani boka. Suna da lambar waya da adireshin imel a sama, imel ɗin kuma mai mutunci, ba laƙabin da abokai suka sa wa mutum a sakandare ba. Sai aiki, na baya bayan nan a farko, kowanne da wata da shekara da abin da aka yi a cikinsa. Sai karatu, sai ƙwarewa, sai masu shaida. Shafi ɗaya ya isa sabon mai digiri, biyu sun isa wanda ya jima yana aiki. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji yanzu manhaja ce take fara tace takardu kafin idon mutum ya gan su, kalmomin da ke cikin tallar aikin take nema, shi ya sa ado da launi da akwatuna kan cuci mai su. Wanda ya san aiki yana karanta tallar tare da mai nema, ya fito da abin da ya dace da ita daga cikin gaskiyar da ke hannu. In an gama a karanta wa mai ita layi layi, a buga, a tura masa kwafi a waya.

Kuɗin sibi ɗaya daga 'yan ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai, gwargwadon gari da unguwa da sunan da mai shago ya yi. Wanda ke yi wa manyan ma'aikata ta intanet yana caji fiye da haka nesa ba kusa ba, amma su tsiraru ne. Daga cikin abin da ya shigo za a cire takarda, wadda rim ɗinta falle 500 ne kuma ba ya kwana biyu a lokacin cinkoso. Za a cire cikon tawadar firinta, da canjin duram idan bugu ya fara fitowa da zane, da data, da haya, da kuɗin sharar kasuwa, da ɗan abin da ake sallamar yaran shago. Babban mai cin riba shi ne wuta. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 a Kano cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Injin fotokofi da na laminatin kuwa ƙaramin janareta ba ya ɗaukar su cikin daɗi. Mai hali ya sa sola ya huta, marar hali yana tara aiki sai ya kai na tayar da inji. Gaskiyar magana, sibi kaɗai ba ya riƙe shago. Fotokofi da bugun furojet na ɗalibai su ke biyan haya, sibi shi ke kawo suna.

Kakar sana'ar ita ce ranar da aka buɗe ɗaukar 'yan sanda, ko kwastan, ko shige da fice, ko lokacin rajistar bautar ƙasa. A irin wannan mako mai shago kan kwana a kan kujera, domin shafin rajista ba ya buɗuwa sai tsakar dare idan jama'a sun ragu. Baya ya ƙage, ido ya yi ja. Da kakar ta wuce sai a koma zaman jiran tsammani. Ga bashin 'yan unguwa da ba a iya hanawa, wanda ke cewa in ya samu aikin zai dawo, ga filas da ke shigowa da ƙwayar cuta ta lalata aikin wata guda. Yanzu kuma waya ta shigo gasar, matashi zai sa Canva ko ChatGPT su tsara masa kyauta. Sai dai manhaja abin da ka faɗa mata take ƙawatawa, wani lokaci har ta ƙara maka abin da ba ka ce ba, kuma ba za ta taɓa sanin zancen shagon kawu ba in ba ka tuna ba. Akwai kuma amana. Kwamfutar shagon nan cike take da takardun mutane da lambobinsu. Malalacin mai bugu yakan buɗe sibin wani ya canja suna kawai, sai ka ga mutum goma sun miƙa takarda iri ɗaya a ofis ɗaya, har da masu shaidar da ba su taɓa gani ba.

To, a cikin wannan ƙuncin ne wata buƙata take zuwa, kullum da murya ƙasa ƙasa.

"Malam, a ɗan rage min shekara uku."

"Yallaɓai, sa min cewa na yi shekara biyu a wani kamfani, ai ba dubawa suke ba."

Wani satifiket yake so a taɓa masa, a mai da fas ya zama kiredit. Kuɗin da ake tayawa a irin wannan ya ninka na sibin gaskiya, a kan haka ma unguwar Oluwole ta Legas ta yi ƙaurin suna. Ban ga laifin wanda ya tausaya wa mai roƙon ba. Talla ce ta ce ana son mai shekara 26 ko 27, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Talla ce ta ce sai mai gogewar shekara uku, a aikin da sabon shiga ake nema. Waɗannan sharuɗɗa akwai zalunci a cikinsu, kuma ya kamata a faɗa. Amma mai shagon da ya ƙi, ba rashin tausayi ya yi ba. Ya san abin da yaron bai sani ba: maganar "ba dubawa suke ba" ta tsufa.

Ga yadda ake dubawar. Bayan intabiyu, kafin takardar kama aiki ko jim kaɗan bayanta, ofishin kula da ma'aikata zai ba ka fom ka sa hannu cewa ka yarda a bincika, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa kamfanoni taka tsantsan a kan haka. A fom ɗin akwai layin da ke cewa duk bayanin ƙarya dalilin kora ne ko yaushe aka gano. Wasu su bincika da kansu, wasu su ba kamfanonin da sana'arsu ke nan. Takardun sakandare ba sa ɗaukar lokaci: WAEC ta buɗe dandalin satifiket na intanet a 2022, NECO ta buɗe nata na tantancewa a 2023. Digiri kuwa wasiƙa ake rubuta wa magatakardan jami'a a tambaye shi ko wane ya gama a shekara kaza da daraja kaza. Hukumar bautar ƙasa tana tabbatar da lambar satifiket ɗinta. Likita da nas da injiniya da akanta da malamin makaranta, kowannensu yana da hukumar da ke riƙe da rajistar 'yan sana'arsa. Kamfanin da ka ce ka yi wa aiki, cikin minti kaɗan za a duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko akwai shi. In ka ce ka yi shekara huɗu a babban kamfani, za a iya neman bayanin asusunka na fansho, inda sunan mai zuba kuɗin da watannin da ya zuba suke a rubuce. Bankuna suna da ƙarin mataki, domin Babban Banki yana ajiye sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba.

Rage shekaru ma ba ya buƙatar kiran kowa. Lissafi ne. Wanda ya zabtare shekara biyar, sai a ga ya gama firamare yana ɗan shekara shida. Ko a ga takardar bautar ƙasarsa ta yafewa ce, wadda ake ba wanda ya haura 30 lokacin da ya gama, alhali sibi ya ce yana da 25.

Kiran masu shaida shi ne inda aka fi faɗuwa, kuma shi aka fi rainawa. Mai bincike da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga lambar da ka bayar. Yana neman lambar ofishin ta wata hanya, ya nemi wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Wasiƙar shaida da ta fito daga Gmail ko Yahoo maimakon adireshin kamfani, tana sa ya ƙara buɗe ido. Tambayoyinsa gajeru ne: yaushe ya fara, yaushe ya bari, mene ne muƙaminsa, me ya sa ya tafi, in ya dawo za ku sake ɗaukar sa? Wannan ta ƙarshen ko shiru aka yi a kanta an amsa. Wanda ya sa aboki ya zama tsohon maigidansa, dabarar kama shi ba ta da wuya: mai kira sai ya faɗi shekarar da ba ita ba da gangan, abokin ya ce "ƙwarai haka ne," shi ke nan. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu sun fi kowa tsanani a nan, kuma tun 2019 da yawa daga cikin manyansu suka shiga wani tsari na tambayar juna ko an taɓa samun ma'aikaci da laifin cin zarafi. Inda aikin ya shafi kuɗi, har gida ake aika mutum ya ga adireshi, ya ga garanto ido da ido.

Mu nan muna da wata ɗabi'a ta sa sunan babban mutum. A rubuta farfesa, ko kwamishina, ko hakimi, don takarda ta yi nauyi. Sai a kira shi ya ce, "Wa? Ban gane shi ba." Shugabar makarantar da ka koyar a ƙarƙashinta, wadda za ta ce ba ka taɓa makara ba, ta fi maka sanatan da bai san fuskarka ba.

Wani zai ce ai ga su wane sun wuce ba a kama su ba. Haka ne, ana wucewa. Amma takarda ba ta mutuwa, tana nan cikin fayil, kuma yawanci ranar da mutum ya yi sama ake buɗe ta. Kanawa ba su manta da Salisu Buhari ba, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 1999. Mujallar TheNews ta bankaɗo cewa Jami'ar Toronto ba ta san da digirin da ya ce ya yi ba, kuma shekarunsa 29 ne ba 36 ba, a lokacin da tsarin mulki ya ce sai mai 30. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka yana hawaye, kotu ta same shi da laifi, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. A Satumban 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki saboda takardar yafewar bautar ƙasa da jaridar Premium Times ta ce jabu ce. Ita ta ce wasu da ta amince da su ne suka karɓo mata, ba ta san ba ta gaske ba ce, kuma a 2021 kotu ta ce tun asali bautar ƙasar ba ta hau kanta ba. Duk da haka kujerar ta riga ta tafi, domin takardar da ka miƙa taka ce ko wa ya samo maka. A 2015 an gano wani da ya shafe kusan shekara tara yana aikin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. A ƙarshen 2023 kuma ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, a farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah abin ya shafa.

Ƙananan ma'aikata labarinsu ba ya shiga jarida. A aikin gwamnati shekara biyu ake yi na gwaji kafin tabbatarwa, kuma ko bayan nan kwamitin tantancewa na iya zama kowane lokaci. Magidanci da 'ya'ya a makaranta sai ya wayi gari an kore shi, ba garatuti, ba wanda zai ba shi shaida a gaba. In abin ya kai ga taɓa satifiket, ya tashi daga maganar ofis ya koma ta kotu: a dokar Pinal Kod ta Arewa, ƙirƙirar takardar jabu na iya kai mutum ɗaurin shekara 14, mai amfani da ita yana sane kuma hukuncinsu ɗaya da mai yin ta. Wato mai shagon da ya karɓi kuɗin yana cikin ruwan tsundum, kwamfutarsa ce ma za ta fara ba da shaida a kansa.

Ɓangaren masu tantancewa ma ba a rasa abin gyara ba. Akwai makarantun da wasiƙar tambaya kan yi watanni ba amsa, mai gaskiya ya rasa aiki don wani akawu bai buɗe fayil ba. Akwai tsofaffin iyayen gida da ke ɓata yaro don haushin ya bar su. Shaida amana ce a kan mai ba da ita, kamar yadda take a kan mai neman ta, kuma ofishin da ya san ya kamata ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya.

Kai kuma da ke shirin zuwa shagon nan, tafi da takardunka na asali gaba ɗaya, ka ba mai shago lokaci ya yi maka tambayoyinsa, kada ka raina aikin da ka yi don ba a ofis ka yi shi ba. Kowane layi aka karanta maka, ka tabbata akwai takarda ko mutumin da zai tsaya masa. Kafin a rubuta sunan kowa a matsayin mai shaida, kira shi ka nemi izininsa, ka gaya masa aikin da kake nema, ka tura masa kwafin sibin. In mai shago ya ce ba zai ƙara maka ba, biya shi haƙƙinsa cikakke, kuma ka turo masa ƙannenka.